Ɗakin Gwaggo

Da aka raba gadon gidan da ke jikin namu a cikin birnin Kano, wadda ta fi kowa daɗewa a cikinsa ita ta tashi da kaso mafi ƙanƙanta. Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita ce uwargida, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin yaran layinmu a bayanta suka yi barci. Tana fita takaba magada suka ce a sayar da gida. Ba wanda ya zalunce ta. An fitar da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, suka raba da abokiyar zamanta. Ita waccan ta bi ɗanta, Gwaggo kuwa ta riƙe kuɗin da ko soro ba za su saya ba. Wanda ya sayi gidan, shaguna zai gina, ya ba da wata uku a tashi.

Ni na shige gaba, ni kuma na fara yin kuskure. Na ɗauka wanda ya rasa ɗaki, ɗaki kawai yake nema. Dillali ya samo mana wani can bayan gari inda haya take da sauƙi, sabon gini, daɓen siminti, rufin kwano. Na biya kuɗin shekara, na loda gadonta da kwallayenta a kurkura, na dawo gida ina ganin na sauke nauyi.

Sai bayan mako uku na leƙa. Hantsi ya dubi ludayi, ƙofarta a rufe, butarta ba ko ɗigon ruwa. Masan gidan na tsugunno ne, gwiwoyinta kuwa sun daina lanƙwasuwa, shi ya sa ta rage shan ruwa don kada ta yawaita zagayawa. Dokin ƙofar ya yi mata tsayi, sai ta zauna a kai ta ɗaga ƙafa ɗaya da hannu, sannan ɗayar. Maganin hawan jininta ya ƙare tun kwana goma. Sauran 'yan hayar matasa ne masu fita da asuba.

Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki aiko?"

Ta ce, "Wa zan aika, ɗan nan? Nan ko sunana ba wanda ya sani. In na mutu da dare, sai dai wari ya gaya musu."

Har yau maganar nan tana sukar zuciyata.

Wani ya kawo shawarar gidan gajiyayyu, irin wanda ke Shahuci. Ba na raina irin waɗannan gidaje, domin akwai wanda ba shi da kowa sai su. Amma Gwaggo tana da mutane, ni ne na raba ta da su. Na je wurin mai unguwa da liman na faɗi abin da na gani. Wani dattijo a layinmu yana da ɗakin ajiya mai ƙofa ta waje, ya ce a kwashe tarkacen. Liman ya dage a rubuta shi hubusi ga tsofaffin unguwa, da shaidu da sa hannun 'ya'yan mai gidan, don kada rabon gado ya sake fitar da ita titi.

Gyaran bai ci kuɗin a zo a gani ba. Magini ya fasa dokin ƙofa ya shafe shi daidai da ƙasa. Kafinta ya yi kujera mai rami aka ɗora a kan masai, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Muka ɗaure da mai ruwa, jarka biyu kullum, biya ƙarshen wata. Matan gidaje huɗu suka raba kwanaki, kowace da ranar kwanonta, wata 'yarmu ma'aikaciyar jinya kuma tana auna mata jini duk Juma'a. Abin da ya fi ɗaga ta, ban taɓa sa shi a lissafi ba: mata suka koma kai mata yara in za su biki ko asibiti, ta koma saƙa faifai tana sayarwa. Ranar da ta aiko mini da goro na kuɗin hannunta na san ta dawo.

Hubusi ba baƙonmu ba ne. Sayyidina Umar ya yi shi da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma a 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. Duk da haka, in mai hali ya tashi sadaka mai gudana, masallaci ne ke fara zuwa masa, ko da akwai wani a bayan layi. Ina ma a riƙa tuna ɗaki guda mai makewayi, a cikin unguwa, inda tsohuwa za ta ji sallamar muryar da ta sani.

Na kuma sha gaya wa abokaina masu mata, musamman wanda matarsa ba ta haihu ba: wasiyya ga magaji ba ta zartuwa sai da yardar sauran magada, amma kyauta tana tabbata in an yi ta da rai da lafiya, aka damƙa, aka kafa shaidu. Wasu suna jin nauyin zancen, kamar ana kira musu mutuwa.

Shekara huɗu Gwaggo ta yi a ɗakin. Yarinyar da ke kai mata koko ce ta same ta kwance da zazzaɓi wata safiya, kuma a hannun matan layinmu ta cika. Bayan sadakar bakwai wani tsohon ɗan dako mai larurar ido ya shiga. Liman ya nuna mini takardar da ke aljihunsa, akwai sunaye uku suna jira.