Lambar da ke bayan farantin sola

Duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san tiyar wata kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta Dawanau ba, shi ya sa ake duba kwano kafin a yi ciniki. Masana kimiyya ma sun sha wannan fama. Tun daga 1889, ma'aunin kilo na duniya wani curin ƙarfe ne da aka adana a kusa da birnin Paris, sai ranar 20 ga Mayun 2019 aka sauke shi, aka ɗora awo a kan lambobin da ba sa motsi, irin su lambar Planck da cajin ilektiron. Waɗannan yadda suke a Faransa haka suke a Gammo, da damina da rani.

Abin da ke damuna a matsayina na mai koyar da fiziks shi ne, muna sa ɗalibai su haddace wata lamba kamar ita ma tana cikin wannan sahu, alhali ba ta ciki. Ina nufin giɓin silikon, sinadarin da ake yin farantin sola da shi. A cikinsa ilektiron na zaune ne a matakin ƙasa, kuma ba zai ɗauki wuta ba sai ya tsallaka zuwa na sama. Ƙarfin da tsallakawar ke buƙata shi ne giɓin, hasken rana ne kuma ke ba shi. Littafi ya ce 1.12 ne a ma'aunin ilektiron-bolt. Gaskiya ne, amma a ɗumin ɗaki. A matsanancin sanyi yakan kai 1.17. Idan zafi ya ƙaru giɓin yakan tsuke, ilektiron da yawa su tsallaka da kansu ba da taimakon haske ba, ƙarfin wutar farantin ya ragu.

Wannan magana ta shafi aljihu. Daga Kabo zuwa Gwarzo, mai cajin waya da mai ban ruwa duk sun rungumi sola. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A tsakar ranar Afrilu, farantin da aka kwantar a kan kwano yana iya kai digiri 65, kuma kowane digiri yana cin kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. Mai wat 300 sai ya ba da wajen 250, mai shi ya yi ta zargin ɗan kasuwa da algus, wani lokaci bisa zalunci.

Ni dai na fi son ɗalibin da zai ce mini "1.12, amma a wane zafi?" a kan wanda ya haddace shafi guda. Shi ne idan ya hau rufin gidansu zai ɗaga farantin daga jikin kwano, ya bar wa iska hanya ta ƙarƙashinsa.