Kitsen Layya Da Karen Mama

Duk wanda ya yi karatu a Ibadan ya san wahalar samun ɗaki kusa da makaranta. Ni Allah ya taimake ni, wata tsohuwa Bayarabiya a Bodija ta ba ni boyis kwata kyauta, da sharaɗi ɗaya: in kula da abincin karenta, tunda likitan dabbobi nake karantawa. Bingo sunansa, marigayi mijinta ne ya bar mata shi.

Ranar farko ta miƙo min takardar likita. Karen na fama da ciwon fankiriyas mai tafiya yana dawowa. Fankiriyas ɗin nan kusa da tumbi yake, shi ke fitar da sinadaran narkar da abinci da kuma insulin. In ya kumbura, sai sinadaran su fara cin naman jikinsa, kuma maiƙo na kan gaba wajen tayar da shi. Don haka dokar gidan: dafaffiyar farar shinkafa, ƙirjin kaza ba fata, farin ƙwai, ɗan dankalin Hausa, da garin bitamin da likita ya rubuta. Ba manja, ba albasa, ba ragowar miya. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana.

Abokaina sun samu abin tsokana. Wai ɗan Malam guda ya zama kukun kare, shi yana shan gari, kare na cin kaza. Wallahi wani lokacin ni ma sai in kalli tukunyar in yi tsaki.

Wata bakwai ba ko amai. Sai babbar sallah ta zo, ban je gida ba, wani ɗan garinmu a Sabo ya ciko min leda da soyayyen nama. Ina ci a bakin ƙofa, Bingo ya zauna ya zuba min ido. Kun san tarbiyyarmu, ba ka ci ana kallonka ka hana. Na ce yau sallah, me yanka uku zai yi? Na zaɓi masu kitse ma, don kada in yi asarar tsoka.

Cikin dare na ji kakarin amai. Na haska fitila, ga shi ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama, yana rawar jiki. Irin tsayuwar da aka koya mana a aji ke nan, alamar ciwon ciki mai tsanani. Kwana uku ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa.

Na so in yi shiru, don ba wanda ya gan ni, kuma ɗakina ne a kan layi. Amma likita ya tambayi abin da ya ci, na faɗi gaskiya. Mama ba ta kore ni ba. Cewa kawai ta yi: "Ɗana, kai ma ka ji tausayinsa, ko? Haka na riƙa yi wa mijina da suga."

Daren nan na kira ƙanwata, na ce ta daina ɓoye wa Baba lemon kwalba don ya roƙe ta. Shekara biyar yana da ciwon suga, duk gida muna kawar da kai.

Bingo na nan. Har yanzu yana zuba min ido in ina ci, ni kuma sai in tashi in shige ɗaki.