Dare guda a Sae Sabuwa: tsakanin amarya da taurari

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A watan Disamba da ya gabata, bayan an kammala kaka, rumbuna sun cika, na bar Maradi zuwa Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, ƙasar Gobir, domin ɗaurin auren ɗiyar wani abokin aikina. Na yi tafiyar tare da wani saurayi mai ɗaukar hoto, wanda hankalinsa bai kwanta ba tun daga tasha. Ashe kuɗin gyaɗarsa da wakensa duka ya zuba, har da rance, ya sayo sabon idon kyamara a Kano, abin da ma'aikatan hoto ke kira objektif. Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, kasuwar hoton rana ta mutu. Abin da ya rage masa shi ne dare.

Idon nan na milimita 50 ne, mai buɗewa har f/1.8. Ga ma'anar lambar: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon faɗin ƙofar da haske ke shiga. Idon da aka saba sayarwa tare da kyamara, mai 18 zuwa 55, in an ja shi ƙarshe ba ya wuce f/5.6. Ke nan sabon yana shan haske kusan ninki 10 na tsohon. Ɗan kasuwa zai gane wannan lissafi, tamkar bambancin cika tulu da ludayi da cika shi da ƙwarya ne.

Bayan sallar isha'i aka fito da amarya. Babu wani haske sai fitilun hannu da ƴar fitila mai aiki da hasken rana, guɗa tana tashi, kalangu yana amsawa. Saurayin nan bai kunna filashi ba. Da ya nuna mini hoton, sai ga zanen lalle a hannun amarya fes, ga hawaye a kuncinta, taron da ke bayanta kuwa ya narke kamar hayaƙi. Marigayi Philippe Koudjina, da ya ɗauki dararen Yamai a shekarun 1960 da 1970, da Malick Sidibé na Bamako, da filashi suka yi suna. Yau ga ɗan talaka yana ɗaukar dare da hasken da daren ya ba shi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Da dangin amarya suka jeru sahu uku, na gaba suka fito sarai, na baya suka dushe, cikinsu har da baffan amarya, wanda shi ne waliyyi. Dattijon ya duba, ya ce: "Yaro, ni ne ka mai da aljani?" Saurayin ya durƙusa ya ce: "Tuba nake, Baba, a ƙara mini haƙuri." Dalili shi ne, in ƙofa ta buɗe duka, tazarar da ke fitowa sarai tana raguwa ƙwarai. Sai da ya tsuke ta zuwa f/5.6, ya koma ga filashin da ya raina, kana aka sami hoton da za a rataya a ɗaki.

Da tsakar dare muka fita bayan gari, cikin gonakin da aka girbe. Allah ya taimake mu, babu farin wata, hazo kuma ya lafa. Wanda ya saba da fitilun Maradi ko Yamai ya manta yawan taurarin da ke sama. Ya ɗora kyamara bisa ƙafa uku, ya auna Kaza da ƴaƴanta. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai, hoton kuwa ya nuna gomiya bisa gomiya. Nan ma da sharaɗi: in ya bar ƙofa buɗe fiye da daƙiƙa 6, taurari sai su ja wutsiya, saboda duniya tana juyawa. Na gefen hoto kuma suna yin fiffike, sai an rage zuwa f/2.8. Mai son sararin sama gaba ɗaya, ido mai faɗi na milimita 14 zuwa 24 ya kamace shi.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga fuskar amarya cikin duhu, ta biya. Ga taron dangi, tsohon ido bai tsufa ba. Kafin mu kamo hanya da safe, gidaje biyu sun ba shi aikin bikinsu, ko da yake rancen yana nan wuyansa. Ga ƴan kasuwarmu masu shigo da irin wannan kaya, shawara ita ce su faɗa wa mai saye abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya, ya rufa wa mai hoto asiri.