Tsohon Babur, Sabon Mahayi

Babur ɗin da na fara mallaka a rayuwata Yamaha DT 125 ne na hannu, wanda ya sha aiki shekara da shekaru kafin ya zo gare ni. A lokacin aiki ya kai ni arewacin Jigawa, tsakanin Gumel da Maigatari, inda da zarar ka sauka daga babban titi sai rairayi da hanyar amalanke. 'Yan uwa sun so in ƙara haƙuri in tara kuɗin sabon Bajaj ko Jincheng, in huta da zaryar gareji. Shawararsu tana da hujja, har yau ma ina ba wasu irinta. Ni dai hanyar da zan riƙa bi ce ta zaɓa mini abin hawa, kuma abin da na koya a kansa ya wuce tuƙi.

Irin wannan babur an ƙera shi ne don ya hau kwalta ya kuma shiga daji. Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT-1 a 1968, sauran kamfanoni suka biyo baya, Honda da XL, Suzuki da TS. Siffarsu ɗaya ce: dogaye ne, tayar gaba inci 21, ta baya 18, tayoyin masu haƙora, cikin injin ya yi nesa da ƙasa, salansa a ɗage sama yadda ruwan rafi ba zai shige ta ba. Shi ya sa malaman gona da ma'aikatan rigakafi da ƙungiyoyin agaji, a Najeriya da Nijar, suka daɗe suna aiki da su. Idan shiri ya ƙare ko ma'aikaci ya yi ritaya, sai baburan su faɗo kasuwa, su zo hannun irinmu.

Darasin farko da na samu shi ne, mai sayen tsohon babur halin mai shi yake saye. Dillalai sun nuna mini wasu da aka yi wa sabon fenti, an wanke inji da kananzir yana ta ƙyalli, kuma duk lokacin da na je sai in tarar an riga an tayar da su sun ɗumama. Wanda na saya kuwa fentinsa ya koɗe, kujerarsa da faci. Mai shi dattijo ne, tsohon malamin gona. Da na nemi in gwada, sai ya ce, “Ɗana, kada ka zo da rana. Ka zo da sassafe kafin kowa ya taɓa shi, ka ɗora hannunka a kan injin ka ji da sanyinsa, sannan ka buga kik da ƙafarka.” Na ce, “Baba, me ya sa?” Ya ce, “Inji mai ɗumi yana rufa wa kansa asiri. Mai sanyi ne yake faɗin gaskiya.” Bayan haka ya lissafa mini aibunsa da bakinsa: shokozoba ta gaba tana ɗan tsiyaya, kaca ta kusa gajiya, fitila ba ta da ƙarfi. Mutumin da ya gaya maka abin da zai rage masa kuɗi, ka iya yarda da shi a kan sauran. Tun daga ranar nake fara kallon mai kaya kafin in kalli kayan.

Duk da haka na tafi da bakanike, na biya shi ladan ƙafarsa, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya fi wannan amfani ba. Na tsaya ina kallon abin da yake yi. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa, ya ce launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya, baƙi mai maiƙo yana nufin mai ya yi yawa, fari fat kuwa alamar inji yana ƙuna ne. Ya ɗaga tayar gaba ya girgiza ta gefe da gefe don ya ji ko boris ya ci. Ya bi wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya da sifana yana sauraron ƙararsu. Ya ja kaca a bayan siforaket ya nuna mini yadda haƙoran suka fara lanƙwasa. Ya leƙa ƙarƙashin tanki da gindin kan babur yana neman walda, domin shasin da ya taɓa karyewa ba ya komawa daidai. Ya buɗe iyakilina, ya ce a ƙasar ƙura irin tamu nan ake gane mai kula: idan soson ya ruɓe, to fistin ya daɗe yana shan turɓaya. Ya kuma koya mini karanta shekarun taya: lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya tana iya zama da haƙoranta garau alhali robar ta bushe.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne famfon baƙin mai. Injin DT yana ƙona baƙin mai tare da fetur, yana da ƙaramin tankinsa daban da famfon da ke aunawa. Idan famfon ya tsaya mahayi bai sani ba, fistin zai kama a tsakiyar tafiya. Ya ce, “Malam, kullum kafin ka hau, leƙa tankin nan. Wanda ya manta da shi, ya manta da babur ɗinsa.” Wannan leƙen na safe ya zame mini ɗabi'a, kuma shi ya fara koya mini cewa duk abin da kake so ya ɗauke ka, sai ka fara duba lafiyarsa.

Sai maganar kuɗi. Araha ba ta ado. Abin da ka miƙa wa mai babur somin-taɓi ne. Dole ka ware wani kaso na taya, kaca da siforaket, wayar birki da ta kuloci, da hular kwano mai kyau, wadda tun ranar 1 ga Janairu, 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta a Najeriya, kuma ko babu doka kanka ya cancanci kariya. Kayan gyaran Bajaj kowane ƙauye mai kasuwa za ka same su. Na DT kuwa wani lokaci sai an aika Kano, wani lokaci sai an yi saƙo Damagaram, babur yana jingine kana jira. Ga shi irin wannan inji ya fi na baburan gari shan fetur. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi ƙwarai. Saboda haka kafin ka yi ciniki, tambayi kanka: akwai bakaniken da ya san injin nan a kusa da ni? A ina zan samu fistin da zobensa? Idan babu amsa, ka haƙura, komai kyan babur.

Takardu ma ba abin wasa ba ne. Na gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, muka yi yarjejeniya a gaban shaidu, kowa ya sa hannu. A yankunan da matsalar tsaro ta sa ake sa wa babura ido, dogon babur mai shiga daji shi ake fara tsayarwa a shinge. Takarda mai tsabta ce take sa ka amsa tambaya hankalinka kwance, kuma ita ke tsare ka daga sayen kayan sata.

A wajen hawa ne na ga amfanin tsufansa da ƙanƙantarsa. Nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai ne, mutum ɗaya yana iya ɗaga shi idan ya kwanta. Manya irin su Kawasaki KLR650 sun doshi kilo 200, kuma sabon mahayi bai da abin yi da irin wannan ƙarfi. A rairayi kowane mai koyo sai ya faɗi. Da sabon babur ne, tsoron ƙarzanewar fenti zai sa jikinka ya sandare, kuma sandararren jiki shi ke kayar da mutum. Tsohon ya ba ni sararin koyo. Na gane cewa a yashi ana miƙewa a kan matakan ƙafa, a mayar da nauyi baya, a riƙe totur daidai ba tare da saki ba, a ƙyale birkin gaba, a kuma kafa ido can nesa inda ake son zuwa. Kan babur zai yi ta rawa, aikinka ka sassauta hannu ka bar shi ya nemi hanyarsa. A kwalta kuma, musamman bayan ruwan sama, tayoyi masu haƙora ba sa kama ƙasa sosai, ga birkin irin na da, sai ka rage gudu tun da nisa. Babur ɗin bai ba ni damar ganganci ba, ni kuwa na gode masa.

Ba kowa zan ce ya bi hanyata ba. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, ko wanda babur shi ne abincinsa yadda kwana ɗaya a gareji asara ce ga iyalinsa, ya nemi sabo mai sauƙin kayan gyara. Amma wanda hanyarsa rairayi ce da laka, yana da bakanike amintacce, kuma yana shirye ya ɓata hannunsa da baƙin mai, tsohon babur mai ƙaramin inji zai yi masa makaranta. Zai fito ya san ƙarar lafiya da ƙarar ciwo, ya san ɗaure kaca da wanke kafireto, ya san cewa kulawar yau da kullum ita ke tsawaita ran kaya. Ranar da kuma ya tashi sayarwa, ya faɗi aibin da ya sani tun kafin a tambaye shi, domin wanda zai hau bayansa ransa zai ɗora a kai.