Kama Da Wane Ba Ta Wane Ba: Darasin Da Muka Koya A Ɗakin Kwamfuta

A zangon karatu na biyu na bana, wani abu ya faru a ɗakin kwamfutar makarantarmu wanda muka ga ya kamata mu rubuta shi a wannan mujalla, domin ɗalibai da iyaye da 'yan'uwanmu malamai su ƙaru. Ba abin alfahari ba ne a gare mu, amma masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kamar yadda kowa ya sani, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kan kwamfuta. Saboda haka 'yan aji shida ba su da wurin da ya fi musu muhimmanci kamar wannan ɗaki. A can kuma akwai babbar kwamfutar da mu malamai muke shigar da makin ɗalibai, muke kuma aika wasiƙun makaranta da ita. To, ita ce ta fara ciwo. Sai a danna shafi a zauna ana jira, har mutum ya je ɗakin malamai ya sha ruwa ya dawo bai buɗe ba. Fankarta kuwa tana ta gurnani kamar injin niƙa, jikinta da zafi ko ba a aikin komai da ita.

Muka ɗora laifi a kan layin intanet. Da muka ga sauran kwamfutocin suna tafiya lafiya, muka ce ƙurar hunturu ce, muka sa aka kakkaɓe ta. Daga bisani muka yanke cewa tsufa ne, har muka rubuta takardar neman sabuwa. Da an amince, da kuɗin iyaye ne za a kashe a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Ana cikin haka sai wani tsohon ɗalibinmu mai sana'ar gyaran kwamfuta ya kawo mana ziyara. Ya zauna ya danna maɓallai uku tare, Ctrl da Shift da Esc, sai ga jerin dukan ayyukan da kwamfutar take yi a lokacin. Muka hango sunan chrome.exe ya jeru fiye da goma, muka ce, “Ga ɓarayin nan!” Ya yi murmushi ya ce, “A'a Malam, waɗannan 'yan gida ne.” Ya bayyana mana cewa birawza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, irin Chrome da kamfanin Google ya fitar a 2008, da gangan take rarraba aikinta kashi kashi, domin idan shafi ɗaya ya lalace kada ya ja sauran. Yawan sunan ba shi ne ciwon ba.

Sai ya rufe birawzar gaba ɗaya. Sunayen suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, amma guda ɗaya ya ƙi tafiya, kuma shi kaɗai yana cinye kusan dukan ƙarfin kwamfutar. Ya bi sawunsa don ya ga inda yake zaune. Chrome na ainihi yana zama ne a foldar Application, cikin foldar Chrome, cikin foldar Google, kuma yana ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi shi. Wannan kuwa a foldar tarkacen wucin gadi aka same shi, ba sa hannun kowa. Sunan kawai ya ara. Ashe dare da rana yana amfani da kwamfutarmu da man janaretanmu yana haƙo wa wani da ba mu sani ba kuɗin intanet.

Nan muka tuna da maigadinmu. Ba don yaro ya sa rigar makaranta yake buɗe masa ƙofa ba. Sai ya tambaye shi ajinsa, da ɗakin kwanansa, ya kuma ga katinsa. Mu da muke da takardar shaidar malanta, riga kawai muka duba.

Ta ina ya shigo? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da muka bincika, wani daga cikinmu yana neman tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sai wani shafi ya nuna masa sanarwa mai tambarin Chrome, wai birawzarsa ta tsufa, ya danna nan ya sabunta ta. Ya danna da kyakkyawar niyya. Ba za mu ambaci suna ba, domin ko wanenmu ne a kujerar da ya danna. Abin da ba mu sani ba shi ne, Chrome da Firefox da Edge duk da kansu suke sabunta kansu. Shafin da ya ce ka sauko da fayil don sabunta birawza, tarko ne.

Ba mu kaɗai ba ne irin wannan ya taɓa samu. A shekarar 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ba da rahoton wata muguwar manhaja mai suna Fireball, wadda ya ce ta kama kwamfutoci kimanin miliyan 250 a duniya, tana shigowa a maƙale da manhajojin kyauta, tana canja wa mutane shafin bincikensu. A wannan shekarar kuma aka fito da Coinhive, wanda miyagu suka riƙa ɓoyewa a shafuka don haƙo kuɗin Monero da kwamfutocin masu ziyara, har aka rufe shi a 2019.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ba nauyin kwamfutar ba ne. Kalmomin sirrinmu duka a cikin birawzar muka ajiye su don gudun wahalar tunawa, kuma wanda ya iya shigo da ɓarawo ɗaya zai iya shigo da na biyu. Aka cire kwamfutar daga intanet, aka wanke ta da manhajar rigakafi, muka canja kowace kalmar sirri ta kan wata na'ura dabam. Sannan muka yi kwana biyu muna gwada makin ɗalibai da na rajistar takarda, suna bayan suna. Mun gode Allah, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ga abin da muka ɗauka. Na farko, kada a sauko da birawza sai daga shafin kamfanin da ya yi ta. Na biyu, a riƙa duba ƙananan manhajojin da aka maƙala wa birawza, a cire duk wadda ba a san wanda ya sa ta ba. Na uku, ba kowane nauyi ba ne cuta, domin buɗe shafuka ashirin a ƙaramar kwamfuta kaɗai ya isa ya sa ta rarrafe; a Chrome, danna Shift da Esc yana nuna shafin da yake cin ƙarfi. Amma idan an rufe komai fanka tana nan tana kuka, a nemi wanda ya sani. Na huɗu, kwamfutar da jama'a suke amfani da ita ba wurin ajiye kalmar sirri ba ce.

Ku kuma 'ya'yanmu masu fita bana, za ku shiga shagunan intanet, za ku cike takardun neman makaranta, za ku buɗe asusun banki a wayoyinku. Kafin ku danna, ku yi tambayar maigadi: daga ina kake, kuma wa ya aiko ka? Muna yi muku fatan alheri.