Yaron da ake ba alli ya rubuta masu surutu

Kowane ajin firamare ba ya rasa yaro ɗaya da Allah ya yi shi da son ƙa'ida. Na koyar a Gwandu tun zamanin shirin ilimin firamare na UPE a 1976, lokacin da yara suka cika azuzuwa har wasu na zama a ƙasa, kuma irin wannan yaro ba ya ɓuya. Malamai na son sa, don haka sai a naɗa shi monita, a miƙa masa alli ya rubuta sunayen masu surutu. Daga ranar ya rabu da abokai. Malamin ya samu hutu, yaron ne ke biyan kuɗin hutun a filin wasa.

Yau abin ya zo gidana. Jikata tana aji huɗu a Kalgo, an miƙa mata alli, kuma 'yan ajinsu sun sa mata suna Alƙaliya. Ta dawo wata rana idanu jawur, an hana ta shiga carafke.

"Kaka, ni fa gaskiya na faɗa. Malama ta ce kada a ci komai a aji, ni kuwa na ga wata yarinya tana cin ƙuli."

"To, amaryata, mai cin ƙulin nan ta karya kumallo a gida?"

Ta yi shiru. Ba ta taɓa tunanin haka ba.

Uwarta na so ta riƙa kawar da kai kamar kowa, ubanta kuwa alfahari yake yi. Ban bi ko ɗaya ba. Yaron da aka koya wa kawar da kai tun yana ɗan shekara tara, shi ne gobe zai sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba. Wanda kuma aka yi ta yi wa kirari don yana tona asirin 'yan'uwansa, zai tashi ba ya bambanta gaskiya da tsegumi.

Mu a Gwandu mun san irin wannan zuciya, tunda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na cikin garinmu. Wajen 1807 ya ga wasu daga cikin jama'ar jihadi sun karkata ga duniya, ransa ya ɓaci, ya bar su ya nufi gabas da niyyar hajji. A Kano mutane suka riƙe shi, ya karantar da su, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, daga baya ya komo cikin mutanen da ya guda. Bai sassauta ba, amma ya zaɓi karantarwa a kan ƙaura.

Na je na roƙi malamarta ta karɓe allin, ta ɗora mata taimakon masu rauni a lissafi. A gida kuma muka yi yarjejeniya: abin da zai cutar da wani, kamar duka ko ƙwace, ta kai ƙara nan take, sauran ta fara yi wa mai shi magana tsakaninsu su biyu. Ba duka 'yan ajin suka dawo gare ta ba, amma ta samu ƙawaye biyu, ɗaya ma mai ƙulin ce.

Yarjejeniyar dai a kaina ta fi aiki. Likita ya hana ni sukari, kuma duk ranar da ta gan ni ina zuba shi a shayi sai ta garzaya wajen kakarta. Ta ce wannan yana cikin masu cutarwa.