Littafi Ɗaya, Kuɗi Uku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna wani abu da ya same ni, wanda har yanzu yake ci mini rai.

Ni malamin makaranta ne a Augie, cikin ƙasar Argungu. Shekaru da yawa, in ina son littafi, wurin wani dattijo nake zuwa a kasuwar Argungu. 'Yar rumfa ce gare shi, amma ya san abin da kowane malami ke bukata. In ba ni da kuɗi ya kan ba ni bashi har albashi ya fito. In kuwa na tambayi littafin da ba shi da shi, sai ya rubuta sunansa, in ya je Kano sari ya zo mini da shi.

Wata rana na tashi saya wa ɗana Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Dattijo ya faɗi kuɗinsa, na ga ya yi mini yawa, na ce sai na dawo. Da wata hidima ta kai ni Birnin Kebbi, sai na shiga wani babban kanti mai rassa a garuruwa da dama, na iske shi da sauƙi, na saya. Ran kasuwar Augie kuma na ga wani yaro ya baza shi a tabarma, kuɗinsa bai kai na kantin ba ma. Na buɗe, ashe bugun sata ne, tawada ta dushe, wasu shafuka babu.

Na koma wurin dattijo da ƙorafi, na ce ashe tsawwala mini yake yi. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ni 'yan kaɗan nake saro wa a hannun dillali, in biya kuɗin mota. Su kuwa buhu-buhu suke ɗauka daga wurin masu bugawa, a yi musu ragi. Yaya mai homa ɗaya zai yi kamun mai jirgi?" Na rasa amsa, sai kunya ta kama ni.

To, jama'a, ga inda maganar ta kai. Mu malamai duk muka koma kanti. Yanzu rumfar dattijo ba kome cikinta sai littattafan rubutu da alƙaluma. Kantin kuwa abin da ke fita da sauri shi yake ajiyewa, watau littattafan jarrabawa. Da na nemi wani littafin tarihin Kabi, mai kanti bai san da shi ba, kuma ba wanda zai tafi Kano ya nemo mini. Mun sami rangwamen 'yan kuɗi, mun rasa mai neman mana littafi.

Kanti mai rassa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, gama kantin C.M.S. da aka buɗe a Ikko a 1869 ya bazu garuruwa da yawa. Wannan gardama kuma Turawa sun riga mu yin ta. A Ingila tun 1900 masu bugawa suka ƙulla yarjejeniya da masu sayarwa, kowa ya sayar da littafi a kuɗin da aka yanka masa. Ta rushe a 1995, kotu ta soke ta a 1997, manyan kantuna suka shiga karya kuɗi, ƙanana da yawa suka rufe. Faransa kuwa ta yi doka a 1981, mai bugawa shi ke yanka kuɗi, mai sayarwa ba ya rage fiye da 5 cikin 100. Don haka can sai a yi tsere wajen kyautata wa mai saye.

Kada a ce ina zagin araha. Talaka mai 'ya'ya da yawa dole ya nemi sauƙi, balle tun 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, alhali yawancin takardar da ake buga littattafanmu daga waje ake shigo da ita. Amma mu mutanen bakin gulbi mun sani, in giwan ruwa ya cinye ƙananan kifi, masunci ne zai kwana da yunwa.

Shawarata uku ce. Masu bugawa su rubuta kuɗin littafi a bangonsa, su kuma rage tazarar ragi tsakanin babba da ƙarami. Malaman kowace gunduma su haɗa bukatunsu su ba mai rumfar garinsu, domin shi ma ya yi sari mai yawa. Bugun sata kuwa mu ƙi shi, gama haƙƙin marubuci ne ake ci.

Ni dai na koma na ba dattijo haƙuri. Ina so in ji ra'ayin malaman Sakkwato da Kano da Zariya.

Haza wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Augie.